Asibiti mai taurari huɗu, ko wanda likitan Baba ya nuna?

Tambaya: Za a yi wa mahaifina aikin jijiyoyin zuciya, ba na gaggawa ba, an ce muna da 'yan makonni. Likitansa ya tura mu wani asibiti, sai na duba a intanet na ga taurari biyu kacal aka ba shi, alhali akwai wani mai taurari huɗu, sai dai ya fi nisa. Da gaske mutane na bin irin wannan maki wajen zaɓen asibiti? Ni kuma in bi shi?

Malama, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa a yi aikin a sa'a. Tambaya biyu kika haɗa. Ta farkon an yi kusan shekara 40 ana bin diddiginta, don haka akwai abin faɗa. Ni kuma na daɗe a sashen da ke tattara alƙaluman jinya a asibiti, mu ne masu aika bayanan da ake lissafa irin waɗannan taurari da su, na ga abin ta ciki. Abin da na tabbatar shi ne makin ya fi girgiza asibitin da aka ba shi a kan majinyacin da aka yi shi dominsa. Majinyata kaɗan ne ke canja hanya saboda shi. Shugabannin asibiti kuwa barci yake hana su.

A watan Maris na 1986 hukumar da ke tafiyar da Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka, ta saki sunayen asibitocin da yawan mace-macensu ya kauce wa abin da ake tsammani. 'Yan jarida suka raɗa wa takardar suna "jerin mutuwa". Wurin da ya fi kowa muni a jerin, da aka duba, ashe gidan jinya ne a jihar Nevada na waɗanda likitoci suka riga suka cire rai da warkewarsu. Aka ci gaba da fitar da jerin ana gyara lissafin har 1993, sannan aka daina. Masu bincike suka bi sawu don su ga ko jama'a sun ƙaurace wa asibitocin da aka ambata. Asibitin da mace-macensa ya ninka abin da ake tsammani, abin da ya rasa bai kai majinyaci ɗaya a mako ba. Amma a binciken nan dai, in jarida ta buga labarin mutum guda da ya rasu ta hanyar da bai kamata ba, sai a ga masu kwanciya a asibitin sun ragu da kusan kashi 9 cikin 100 a shekarar. Labarin mutum ɗaya mai suna da iyali ya fi jadawalin mutum dubu shiga kunne.

Aikin da za a yi wa Baba, wanda ake ɗauko jijiya daga ƙafa ko ƙirji a kewaye wadda ta toshe, yana cikin ayyukan da aka fi aunawa a wannan harka, don ana yin sa da yawa kuma sakamakonsa ba ya ɓuya. Jihar Pennsylvania ta fara buga jagora a kansa a 1992, da sunan asibiti, da sunan likitan tiyata, da sakamakon kowa. Likitoci biyu, Eric Schneider da Arnold Epstein, suka tambayi mutum 474 da aka yi wa aikin, suka wallafa abin da suka samu a 1998. Kashi 12 cikin 100 ne kawai suka san da jagorar kafin a shiga da su ɗakin tiyata. Waɗanda suka san makin likitansu ko asibitinsu daidai, har ya yi tasiri a zaɓinsu, ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Kada ki ce rashin ilimi ne ko rashin hali. A watan Satumban 2004 aka yi wa tsohon shugaban Amurka Bill Clinton wannan aiki a asibitin jami'ar Columbia da ke Niyok, a daidai lokacin da rahoton jihar na baya-bayan nan ya nuna asibitin ne a kan gaba wajen mace-mace a irin aikin, kusan kashi 4 cikin 100, matsakaicin jihar kuwa kashi 2 da 'yan kai. Can aka yi masa, ya kuma tashi. Ki lura ma da wani abu: alƙaluman na shekarar 2001 ne. Duk makin da kika gani yau hoton shekara biyu ko uku da suka wuce ne, wataƙila likitan da ya jawo shi ya daɗe da barin wurin.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Da yawa daga masu kwanciya a asibiti ta ƙofar gaggawa suke shiga, wanda zuciya ta buga masa da tsakar dare kuwa motar asibiti ce ke yi masa zaɓi. Mai inshora yana da iyakar wuraren da kamfaninsa ya yarda ya biya. Sauran kuma takardar da likita ya rubuta suke bi. Na taɓa ɗaukar mako guda ina zagaya ɗakin jira ina tambayar mutane abin da ya kawo su wurinmu. Amsar ba ta wuce uku: "nan likitana ya turo ni", "nan aka yi wa yayata, ta ji daɗinsu", "nan ne kusa". Takardar shaidar makinmu tana rataye cikin gilashi a bangon da suka jingina da shi, ban ga wanda ya waiga ya karanta ta ba. A Ingila, bayan an ba majinyata damar zaɓen asibiti daga 2006, cibiyar bincike kan harkar lafiya ta King's Fund ta tambaye su da me suka dogara. Rahotonta na 2010 ya nuna abin da suka taɓa gani da idonsu da shawarar likitansu ne a gaba, shafin hukumar lafiya mai ɗauke da alƙaluma kuwa kashi 4 cikin 100 ne suka leƙa.

Nisa, wanda ke ma kika ambata, ya fi ƙarfin yadda masu tsara manufofi suke zato. A wani bincike na 1999 an tambayi majinyata 100 a Amurka: a ce za a yi muku babban aiki, haɗarin mutuwa kashi 3 cikin 100 ne a babbar cibiya mai nisa, kashi 6 a asibitin kusa, ina za ku? Mutum 45 suka ce kusa. Aka ɗaga haɗarin na kusa zuwa kashi 18, mutum 18 suka ce duk da haka kusa. Ban ɗauki wannan wauta ba. Mutum na son ya farfaɗo ya ga nasa a gefen gado, yana kuma tunanin wa zai yi ta zirga-zirga.

To amma in na tsaya nan, rabin labari na ba ki. Akwai inda maki ke juya mutane. Mujallar U.S. News & World Report tun 1990 take jera asibitocin Amurka, kuma masanin tattalin arziki Devin Pope ya nuna a 2009 cewa hawa ko saukar asibiti a jerin yana juya kusan kashi 5 cikin 100 na majinyatansa daga shekara zuwa shekara, cikin waɗanda ba na gaggawa ba. A Niyok, David Cutler da abokan aikinsa sun gano asibitin da aka yi wa tambarin yawan mace-mace ya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na masu aikin zuciya a shekarar da ta biyo baya, amma wanda aka yaba bai samu wani ƙarin kirki ba. Mugun labari yana kora, mai daɗi bai cika ja ba. Waɗanda suka gudu ɗin ma galibi masu sauƙin ciwo ne, masu ƙafar tafiya da lokacin bincike. Sannan maki ba ya motsa kowa in abin da jama'a suka riga suka sani ya maimaita. A ce asibitin da kowa ke yabo ya yi kyau, ai wannan ba labari ba ne. Sai in makin ya saɓa wa sunan da wurin ya yi.

Wani wurin da maki ya ci kasuwa shi ne cibiyoyin taimaka wa masu neman haihuwa ta hanyar dashen ƙwai. Amurka ta yi doka a 1992 cewa su riƙa bayyana sakamakonsu, kuma da aka fara wallafawa, cibiyoyin da suka fi samun haihuwa suka ƙara jan mutane. Dubi dalili. Ma'auratan da ƙafarsu suke zuwa, suna da watanni na shawara, da yawa daga aljihunsu suke biya, ma'aunin kuma kowa ya gane shi: an samu jariri ko ba a samu ba. Ke yanzu kina da lokaci, kina da zaɓi. Abin da ya rage shi ne ko taurarin da kika gani suna auna abin da ya shafi Baba.

Kafin nan, ga wani abu game da likitansa. Amitabh Chandra da Amy Finkelstein da abokan aikinsu sun nuna a 2016 cewa asibitocin Amurka da suka fi ceto masu bugun zuciya sun fi yawan majinyata, suna kuma ƙara samu da shekaru, musamman cikin waɗanda ake ɗaukowa daga wani asibiti. A fahimtata, labarin inganci yana yawo, amma ta bakin likitoci ya fi bi. Likitan zuciyar da ya shekara 15 yana tura mutane yana ganin su in sun dawo. Ya san wa ya dawo da ƙafarsa, wa ya dawo ɗinki na ruwa, wa bai dawo ba. Wannan ilimi ne da babu shi a kowane shafi. Sai dai turawar tana iya zama sabo ne kawai, ko abota tun daga makaranta, ko kuwa kamfani ɗaya ne ya mallaki wuraren biyu. Ba za ki san wanne ne ba sai kin tambaye shi.

Inda makin ke aiki sosai cikin asibitin ne. Jihar Niyok ta fara tattara sakamakon aikin zuciya a 1989, a ƙarshen 1991 kuma jaridar Newsday ta yi nasara a kotu aka saki sunayen likitocin ɗaya bayan ɗaya. Daga 1989 zuwa 1992 mace-macen aikin, bayan an yi la'akari da tsananin ciwon majinyata, ya sauka daga kashi 4.17 zuwa 2.45 cikin 100. Ba ƙaurar majinyata ce ta kawo wannan ba. Asibitoci ne suka dakatar da likitocin da ke yin aikin jefi-jefi, suka gyara yadda ake shirya mara lafiya kafin a shiga da shi. Har yau ana jayayya kan nawa ne rabon rahoton a wannan ragi, don wasu jihohin da ba su wallafa komai ba su ma sun samu sauƙi a shekarun. A Wisconsin, Judith Hibbard ta kwatanta rukuni uku: asibitocin da aka bayyana sakamakonsu ga jama'a, waɗanda aka ba su nasu a asirce, da waɗanda ba a ba komai ba. Na farkon ne suka fi zage damtse, alhali kasuwarsu ba ta motsa ba. Kunya ce ta yi aiki.

Kunya kuwa hanya biyu take tura mutum: ko ya gyara aikin, ko ya gyara rubutun. Ma'aunin kirki ba ya ƙirga gawa kawai, yana kwatanta waɗanda suka mutu da waɗanda ake tsammanin za su mutu bisa shekarunsu da cututtukansu. Ga misali. Asibiti ya yi wa mutum 100 aiki, 2 suka rasu, amma masu sauƙin ciwo ne da ake tsammanin rasa 1. Wani ya yi wa 100, 5 suka rasu, amma lissafi ya ce 8 ake tsammani. Na biyun ne gwani, ko da yake gawarsa ta fi yawa. Matsalar ita ce wannan "tsammani" daga abin da aka rubuta a fayil ake fitar da shi.

Ranar da makinmu ya faɗi a wani asibiti da na yi aiki, kafin ƙarfe 8 na safe shugaba ya tara mu. Babu majinyaci ko ɗaya da ya bugo ya ce ya fasa zuwa. Tambayar farko a taron ita ce yaya aka shigar da fayilolin mamatan. Ta me ya kashe su sai daga baya ta zo. Aka jibge mini fayilolin. Ina tuna na wani dattijo, a shafin ƙarshe likita ya rubuta nimoniya, shi ke nan. Na buɗe ciki na tarar yana da ciwon suga, ƙodarsa ta gaza, zuciyarsa ta raunana, an kawo shi ba ya gane mutane. Kwamfutar da ke lissafi ba ta san wannan ba, ita dai ta ga dattijo mai ƙoshin lafiya ya zo da nimoniya ya mutu a hannunmu. Muka bi likitoci sashe-sashe muna roƙon su rubuta kowace cuta. A zagaye na gaba makinmu ya tashi. Ba mu yi ƙarya ba, amma wannan gyaran bai ceci ran kowa ba. A Niyok, tsakanin 1989 da 1991, masu aikin zuciyar da aka rubuta suna da ciwon huhu na dindindin sun tashi daga kashi 6.9 zuwa 17.4 cikin 100. Huhun mutanen jihar bai lalace cikin shekara biyu ba, alƙalami ne ya canja.

Abin da ya fi wannan muni shi ne gudun mai tsananin ciwo. Schneider da Epstein ɗin nan sun tambayi likitocin Pennsylvania a 1996. Kashi 63 cikin 100 na likitocin tiyata suka ce tun da aka fara buga jagorar sun rage son taɓa waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, kashi 59 na likitocin zuciya kuma suka ce samun wanda zai karɓi irin waɗannan majinyata ya ƙara wuya. David Dranove da abokan aikinsa sun nuna a 2003 cewa a shekarun farko na rahotannin jihohin biyu, masu tsananin ciwo ne suka kwana ciki. Wannan ya shafe ki kai tsaye, don wani asibitin makinsa ya yi ƙasa ne saboda shi ne zangon ƙarshe, inda ake kai wanda kowa ya ƙi.

Sai dai kada in sa ki raina alƙaluma. "Majinyatanmu sun fi tsananin ciwo" da "rubutu ne bai yi daidai ba" su ne uzurin da kowane asibiti ke fara kawowa, mai gaskiya da mara gaskiya. A 2007 alƙaluman kamfanin Dr Foster, mai nazarin sakamakon asibitoci, suka nuna mace-macen asibitin Stafford a Ingila ya haura abin da ake tsammani da kashi 27 cikin 100. Shugabanninsa suka ɗora laifin a kan shigar da bayanai, a 2008 har aka ɗaga darajarsa aka ƙara masa 'yancin cin gashin kai. Binciken hukuma na 2009 da rahoton lauya Robert Francis na 2013 suka tono abin da ke faruwa: ƙarancin ma'aikatan jinya, tsofaffi kwance cikin ƙazantarsu, ƙararrawa na kaɗawa ba mai zuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Mugun maki bai isa hukunci ba, amma ya isa a tsaya a yi tambaya.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Ba ki ce wa ya ba da taurarin ba, kuma daga nan ya kamata a fara. In irin waɗanda jama'a ke dannawa a Google ne, ki tuna masu rubutawa galibi ko waɗanda ransu ya ɓaci ne ko waɗanda daɗi ya cika, kuma abin da ido ya gani suke aunawa, daɗewa a layi, tsabtar banɗaki, fara'ar ma'aikata. Ba na watsar da su, don asibitin da kowa ke kuka da ƙazantarsa da wuya a ce ɗakin tiyatarsa ne kaɗai tsaf. Amma wanda aka yi wa aiki yana barci bai ga hannun likita ba, wanda ya rasu kuma ba ya rubuta sharhi.

In kuwa na hukuma ne ko na wata ƙungiya, a duba me aka zuba a ciki. Taurarin Medicare, waɗanda aka fara fitarwa a watan Yulin 2016, haɗin gambiza ne na mace-mace, kariya daga kurakurai da cututtukan da ake ɗauka a asibiti, dawowa bayan sallama, ra'ayin majinyata, da saurin kulawa. Mace-macen aikin da za a yi wa Baba layi ɗaya ne cikin gomomin ma'aunai. A fitowar farko asibiti 102 ne suka samu taurari biyar, manyan asibitocin koyarwa da dama da duniya ta san su kuwa suka tashi da biyu ko uku. Masu ba da makin ma ba su yarda da juna ba. Wani bincike na 2015 ya kwatanta huɗu daga cikinsu, U.S. News da Leapfrog da Healthgrades da Consumer Reports. Babu asibiti ko ɗaya da duka huɗun suka sa a sahun gaba, kuma cikin asibiti 844 da ɗaya ya yaba, kashi 10 cikin 100 ne kawai wani ya sake yabawa. Asibiti ba abu ɗaya ba ne. Sashen haihuwarsa na iya zama abin koyi, na zuciyarsa abin tausayi, ko akasin haka, tauraron kuma ya haɗa su ya raba biyu.

Ki duba ma taurari biyu cikin nawa. Ƙungiyar likitocin tiyatar ƙirji ta Amurka tana ba da nata maki a kan wannan aikin kaɗai, daga tauraro ɗaya zuwa uku, kuma a wurinta biyu na nufin sakamakon ya yi daidai da abin da ake tsammani, nan ne ma mafi yawan asibitoci suke. Irin wannan maki na aiki guda shi ne abin nema. A Birtaniya, bayan yawan mace-macen yaran da aka yi wa aikin zuciya a asibitin Bristol da rahoton binciken 2001, an fara wallafa sakamakon likitocin tiyatar zuciya da sunayensu.

Ko a makin aiki guda, ki nemi adadin da aka gina shi a kai. Likitan da ya yi aiki 30 a shekara, in mutum 1 ya rasu kashi 3.3 ke nan, in 2 ne ya koma 6.7. Mutum guda ya ninka makinsa, kuma wannan na iya zama tsautsayi tsantsa. Shi ya sa nake fifita alƙaluman shekara uku a haɗe, nake kuma tambayar yawan aikin kansa, don hannu da sabo yake ƙwarewa. John Birkmeyer ya nuna a 2002 cewa a tiyatar gaɓar nan ta ciki mai samar da insulin, mace-mace kashi 16.3 ne a asibitocin da ke yin ta jefi-jefi, kashi 3.8 a masu yin ta a kai a kai. A aikin jijiyoyin zuciya tazarar ba ta kai haka ba, amma tana nan.

Akwai abu ɗaya da taurari ba su cika nunawa ba, ni kuwa shi na fi dubawa: me ke faruwa in an samu matsala bayan aiki. Amir Ghaferi da abokan aikinsa sun gano a 2009 cewa asibitoci masu yawan mace-mace da masu ƙarancinsa kusan daidai suke samun matsaloli bayan tiyata. Bambancin yana wajen ceto: kashi 12.5 na waɗanda suka samu babbar matsala ne suka rasu a masu kyau, kashi 21.4 a marasa kyau. Wato wa ya lura da ƙarfe 3 na dare cewa fitsarin Baba ya ragu ko bugun zuciyarsa ya canja, kuma in ya kira likita, cikin minti nawa zai iso. Linda Aiken ta nuna a 2002 cewa kowane majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya yana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa na kusan kashi 7 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa aiki.

Don haka ki buga makin a takarda ki koma wurin likitan Baba da shi, ba da sigar tuhuma ba. Ki ce, "Likita, na ga wannan ne hankalina bai kwanta ba, me ya sa ka zaɓi nan?" Ki saurari ko zai ambaci sunan likitan tiyata da dalili, ko kuwa "nan muke turawa" kawai zai ce. Ki tambaye shi in da mahaifinsa ne ina zai kai shi. Sannan a asibitocin biyu ki nemi amsar abu ɗaya: irin wannan aiki nawa suke yi a shekara, nawa likitan da zai yi wa Baba ke yi, yaya sakamakonsu yake in an kwatanta da abin da ake tsammani, akwai likita a ɗakin kulawa ta musamman dare da rana har ƙarshen mako, majinyaci nawa ma'aikaciyar jinya ɗaya ke riƙewa. Likitan da ya san aikinsa yakan san alƙalumansa da ka, ba ya kuma jin haushin tambayar. Wanda ya fusata ko ya kama kame-kame, shi ma ya ba ki amsa.

In taurari biyun na asibitin gaba ɗaya ne, sashen zuciyarsa kuma yana yin aikin da yawa da sakamako daidai ko fiye da tsammani, ni da can zan bar Baba, kusancin ma riba ne, don bayan sallama akwai duba ɗinki, daidaita magunguna, da yiwuwar komawa cikin gaggawa wurin waɗanda suka san fayil ɗinsa. In kuwa makin na aikin zuciyar ne kansa, ya kuma yi ƙasa shekara bayan shekara, ko aikin kaɗan suke yi, ko Baba na da ciwon ƙoda ko na suga ko an taɓa buɗe masa ƙirji, to nisan ya cancanci a sha shi, ki nemi a ba ku takardar zuwa jin ta bakin likita na biyu a ɗaya asibitin. Ki gama wannan bincike cikin mako ɗaya ko biyu, kada ya cinye lokacin da aka ba ku. In kafin ranar aikin ciwon ƙirji ya taso masa yana zaune, ko numfashi ya gagara, ko zufa ta karyo masa ba dalili, ku kira motar asibiti ta kai shi sashen gaggawa mafi kusa, ko tauraro nawa gare shi.